Yayin adon gida: wanne za mu ɗauka, wanne za mu bar wa masu ɗaukar hoto?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku agaza min da shawara. Gininmu ya kai matakin fenti da tayil da kicin, kuma kaina ya ɗaure. Shekarun baya duk hoton da mutum ya buɗe a Instagram ko Pinterest ruwan toka ne da fari, tun daga bango har kujera har labule, ni ma abin da na ƙudurce a raina ke nan. Yanzu na sake dubawa na ga an juya: ruwan ƙasa, ruwan madara, kore mai duhu, kujeru masu lanƙwasa, siraran katakai da ake jerawa a bangon talabijin, fitila a ɓoye cikin silin, kicin kuma babu bango tsakaninsa da falo. Maigida ya ce shi ba ruwansa, in zaɓa kawai, amma kada in dawo bayan shekara biyu in ce a fasa. Yarana ƙanana ne, ƙaramin ma rarrafe yake. Wanne ne cikin waɗannan zai daɗe?

Mai Fenti:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da kwantar da hankalinki a kan fenti, don duk cikin gidan shi ne mafi sauƙin canzawa. Shi kuma wannan juyin launi da kike gani ba daga sama yake faɗowa ba. Akwai kamfanin Pantone na Amurka da yake sanar da launin shekara tun 2000. A 2021 ruwan toka da rawaya suka haɗa. A 2024 suka kawo Peach Fuzz, wani launi tsakanin ruwan hoda da ruwan lemo. A 2025 suka koma ruwan ƙasa, Mocha Mousse. Na 2026 kuma fari ne, Cloud Dancer. Su ma manyan kamfanonin fenti kowa da nasa launin shekarar. Wanda ya ce zai bi su, to duk Disamba sai ya kira ni, ni kuwa ba zan ƙi ba.

Laifin ruwan toka ba a launin yake ba, a yadda aka zuba shi ko'ina ne. Bango toka, tayil toka, kujera toka, sannan a kunna farin kwan fitila a kai. Ka shiga ɗakin ka ji jikinka ya yi sanyi, fuskar mai gidan ma ta koma kamar bai da lafiya. Shi ya sa mutane suka gaji suka nemi launi mai ɗumi.

Kafin ki sayi bokiti ko ɗaya, a shafa miki samfur kamar mita ɗaya a bango biyu daban, wanda yake kallon taga da wanda yake gefenta. Ki duba shi da safe, da rana tsaka, da kuma dare bayan an kunna fitila. Launin da kika gani a waya ba shi za ki gani a bangonki ba.

Akitek:
Na goyi bayan Malam Mai Fenti, kuma bari in faɗaɗa. Ni idan mai gini ya zo min da hotuna, raba masa gidan nake kashi uku. Akwai abin da ake binnewa da siminti: bango, tayil, bututun ruwa, wayoyin wuta. Akwai abin da ake ɗaurewa da ƙusa: kabad ɗin kicin, silin, ƙofofi. Sai abin da ake ɗagawa da hannu ko a shafe da buroshi: fenti, labule, kafet, matasan kujera, fitilun tebur. Kashi na farko zai iya kai shekara ashirin ko talatin tare da ke, canza shi kuwa sai da guduma da ƙura da kwashe kaya. Can ba wurin yayi ba ne. Duk kwaɗayinki na abin da ake yayi ki sauke shi a kashi na uku.

Anti Mai Labule:
Akitek, da girmanka, wannan shawarar ita ta cika duniya da gidaje masu kama da ɗakin jiran asibiti. Kowa tsoro yake ji. A sa tayil marar hayaniya, a sa bango marar hayaniya, a ce ai za a kawo launi da matashi da labule, ƙarshe matashin ma a sayo ruwan madara. Ka shiga gida goma ba za ka iya tuna wanne ne na wa ba. Ni ina murna da wannan yayin na cika ɗaki da launi da zane da tarkacen da mutum yake so. Gida ai ya kamata ya yi kama da mai shi.

Ɗan Auta:
Anti, tarkace fa kika ce da bakinki. Mu dai salon Japandi ya ishe mu, wato haɗin salon Japan da na ƙasashen Sikandinebiya: katako mai haske, kujeru gajeru, kaya kaɗan, ɗaki yana numfashi. Ka dawo a gajiye idonka ya samu wurin hutawa.

Anti Mai Labule:
Auta, kai kaɗai kake kwana a gidanka. Ka bari ka tara iyali sannan mu ga inda za ka kai keken yara da jakar makaranta da takalma ƙafa goma sha biyu.

Akitek:
Wannan faɗan naku ya girme ku duka. Mies van der Rohe, mai zanen gine-ginen da ya shugabanci makarantar Bauhaus ta Jamus kafin a rufe ta a 1933, shi ne aka fi sani da ra'ayin cewa ƙarancin kaya shi ne yalwa. A 1966 Robert Venturi ya mayar masa da martani cewa ƙarancin nan gundura ce kawai. Har yau tsakanin biyun nan ake kai da komo. Amma Anti tana da gaskiya a wuri ɗaya da ba a cika faɗa ba: ɗakin da kuke gani fayau a hoto, akwai bango guda na kabad a bayan mai ɗaukar hoton da ya haɗiye komai. Salon ƙarancin kaya ma'aji yake ci. Wanda bai tanadi wurin ɓoye kaya ba tun a zane, ba zai iya shi ba ko da ya so.

Kuma Anti, ban ce a guji launi ba. Cewa na yi kada a binne shi da siminti.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, ni na ga zuwan abubuwa da tafiyarsu. Na ga lokacin da bahon wanka da tukunyar banɗaki kore suke, kowa yana rububi. Na ga lokacin da aka riƙa farfasa su ana cewa tsohon yayi. Yanzu jikata ta nuna min hoto, koren nan ne dai ya dawo har da kujerun saƙa irin na da, wai sabon abu. Terazo ma da muka riƙa rufewa da kafet don kunya, ga shi ana nema. Ke Maman Biyu, ki tambayi kanki abu ɗaya a kan kowane kaya: wa zai goge shi, kuma sau nawa a mako?

Maman Biyu:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Wannan tambayar ta kai ni ga abin da ya fi damuna, wato kicin. A zanen akwai bango, amma magina sun ce ba ya ɗauke da nauyi, za a iya cire shi. Ina son in riƙa girki ina ganin yara a falo.

Uwargida Ran Gida:
Ƙanwata, tsaya ki ji daga bakin wadda take ciki. Kicin ɗina a buɗe yake. Ganin yara kam gaskiya ne, kuma haske yana ratsa gidan gaba ɗaya, ba zan ɓoye wannan ba. Amma ba ganin yara kaɗai ke ratsowa ba. Ƙaurin suya yana ratsowa ya zauna a labule da kujera. Ƙarar injin markaɗe tana ratsowa, mai kallon labarai sai ya jira ki gama. Idan baƙi suka zo babu sanarwa, tulin wanke-wankenki ne zai fara yi musu sannu da zuwa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maiƙo. Ki shafa yatsa a saman firam ɗin hoton da ke can ƙarshen falo, ki ji yana danƙo. Waɗanda suke ɗora hotunan nan masu kyau, ki lura da murhunsu, ko tabo ɗaya babu. Ba na jin ana dafa wani abin kirki a kai.

Ɗan Auta:
Ai matsalar na'urar zuƙe hayaƙi ce Anti, ba ta bango ba.

Mai Wayarin:
Rabin gaskiya ke nan. Na'urar iri biyu ce. Akwai wadda take da bututu zuwa waje, tana fitar da hayaƙi da tururi da maiƙo daga gidan. Akwai kuma wadda take zuƙa ta tace da gawayi ta sake huro iskar cikin ɗakin. Ta biyun ita aka fi sakawa saboda ba ta buƙatar huda bango, kuma ba ta fitar da tururi ko kaɗan, matatar ma idan ba a canza ta ba ta zama ado. Murhun gas yana fitar da iskar naitirojin dayoksaid, wadda take takura wa masu asma, musamman yara. A rufaffen kicin mai taga abin yana tsayawa wuri ɗaya ya fita. A buɗaɗɗe kuwa da falon za a raba. Duk wanda zai cire bango, ya tabbata an fitar masa da bututu waje, kuma faɗin na'urar ya kai faɗin murhun. Amma ko da ta fi kowacce ƙarfi, ƙara ba ta zuƙewa, ita ma tata ƙarar take ƙarawa.

Akitek:
Kicin na zamani da muka sani, mai kabad a jere da teburin aiki a tsayi ɗaya, asalinsa rufaffe ne. Margarete Schütte-Lihotzky ce ta zana shi a 1926 don gidajen ma'aikata a Frankfurt, ɗan siririn ɗaki da bai kai mita biyu a faɗi ba, an auna komai don mai girki ta rage zirga-zirga. Buɗe shi zuwa falo ya bazu ne daga baya, musamman a Amurka bayan yaƙin duniya na biyu. Sai korona ta zo a 2020, uba yana taron ofis a kwamfuta, yara suna darasi, ana girki, duk a fili ɗaya. Tun daga nan aka fara neman bango da ƙofa kuma.

Abin dariyar shi ne sabon yayin manyan gidaje: a bar kicin a buɗe don kwalliya, sannan a gina wani ƙarami a bayansa inda ake ainihin girki da wanke-wanke. An rushe bango ɗaya, an gina uku.

Maman Biyu, akwai tsaka-tsaki. A buɗe bangon da faɗi a sa ƙofar gilashi mai zamewa. Kina ganin yara, haske yana wucewa, lokacin suya ki ja ki rufe. Sai dai gilashin ya zama irin wanda aka gasa, wanda idan ya fashe yake marmashewa ba ya yin tsini. Kuma kada ki yarda da maganar magina kaɗai cewa bango ba ya ɗauke da nauyi, injiniyan gini ya duba.

Uwargida Ran Gida:
Wannan ƙofar ita nake tara wa kuɗi yanzu. Sannan ki guji kantoci marasa murfi da ake jera kwanuka a kai. Duk kwanon da kika ɗauko sai kin sake wanke shi.

Anti Mai Labule:
A nan kam ba ni da ja. Kanta ɗaya nesa da murhu don kofunan da ake amfani da su kullum, ta isa.

Maman Biyu:
To saman teburin kicin fa? Ina son farin nan mai jijiyoyi irin na marmara.

Malam Kafinta:
Hajiya, marmara ta gaske tana da kyau amma ba ta da haƙuri. Dutse ne mai laushi, kuma tsami yana cin sa. Ruwan lemon tsami ya ɗiga ki bar shi ɗan lokaci, sai ki ga wurin ya dushe, kuma ba datti ba ne balle ki goge, fuskar dutsen ce ta ci. Giranit ya fi ta juriya nesa ba kusa ba, yana ɗaukar zafi da karce, sai dai ya kan so a riƙa shafa masa maganin toshe ƙofofinsa jefi-jefi. Wanda ake yayi yanzu shi ne dutsen haɗi da ake kira kwatz, garin dutse ne aka cakuɗa da roba aka matse. Ba ya shan tabo, ana yi masa zanen marmara sak. Rauninsa zafi: ki sauke tukunya daga wuta ki ɗora kai tsaye, robar za ta iya ƙonewa ta bar zobe, kuma ba ya gyaruwa.

Dakta:
Malam Kafinta, akwai wani ɓangare na kwatz da ya shafe ku masu aikin fiye da masu gida. Dutsen haɗin nan yakan ƙunshi sinadarin silika sama da kashi 90 cikin ɗari, fiye da giranit sosai, marmara kuwa kaɗan take da shi. Idan aka yanka shi ko aka goge shi a bushe, ƙurar tana shiga can cikin huhu ta yi tabon da ba ya warkewa, cutar da ake kira silikosis. An riƙa samun ta a jikin samari masu wannan sana'a bayan 'yan shekaru kaɗan da fara aiki. Abin ya kai Ostareliya ta haramta shi daga 1 ga Yulin 2024, ƙasa ta farko da ta yi haka. Wanda aka riga aka girka a kicin ba ya cutar da mai girki, haɗarin yana wurin yanka. Don haka idan za ki saka, kada ki bari a yanka shi a bushe a cikin gidanki, yara suna nan. A yanka da ruwa, da takunkumin da ya dace, ba ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba.

Malam Kafinta:
Dakta, Allah ya saka. Yaranmu da yawa gani suke takunkumi ragwanta ne. Zan tura musu wannan.

Tunda an taɓo ni, bari in yi maganar siraran katakan bango. Aikin nan ina samun kuɗi da shi, amma gaskiya ɗaya ce. Kowane rami tsakanin katako da katako gidan ƙura ne, tsumma ba ya shiga, sai buroshi ko injin zuƙa. Yawanci kuma ba katako ba ne, MDF ne, wato allon garin katako da aka matse da gam, aka lulluɓe da leda mai zanen katako, shi kuwa MDF da ruwa ba sa ga maciji. Mai mopa ta jiƙa gindinsa sau da yawa, sai ya kumbura ledar ta ɗago. A ɗaga shi daga ƙasa kaɗan, ko a sa na roba a wurin da ruwa ke kaiwa. Bango ɗaya ya isa. Wanda ya zagaye falo da shi, nan da 'yan shekaru duk wanda ya shigo zai faɗi shekarar da aka yi aikin.

Dakta:
Kuma gam ɗin da ake haɗa MDF da shi yana fitar da wani sinadari, fomaldihaid, musamman yana sabo. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji tun 2004. Ba cewa nake a firgita ba. A nemi allo mai alamar E1, wadda ke nuna kaɗan yake fitarwa, ko wanda ya fi shi, a rufe gefunan da aka yanka, a bar tagogi a buɗe na wasu makonni kafin a kwana a ɗakin. Warin nan na sabon kabad da wasu suke jin daɗinsa, ba turare ba ne.

Mai Wayarin:
Na dawo kan fitila, don ita ce abin da ake rainawa kuma ita take ɓata aikin Mai Fenti. A jikin kwalin kwan LED akwai lamba da harafin K. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗumi, ja-ja kamar na tsohon kwan fitila, shi ya dace da falo da ɗakin kwana. 4000K tsaka-tsaki ne, yana kyau a kicin da banɗaki. 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi. Ki sa ruwan ƙasa mai kyau a bango ki haska shi da 6500K, zai koma kamar laka. Akwai wata lambar kuma, CRI, wadda take nuna yadda fitila ke fito da launi na gaskiya, ki nemi 90 zuwa sama.

Fitilar ɓoye cikin silin tana da kyau, ba na musu. Amma zaren LED ɗin yana da ɗan akwatin da ke rage masa wuta, kuma yawanci shi yake fara mutuwa. Na sha zuwa gida in tarar an binne akwatin cikin POP an shafe, sai an fasa silin kafin a kai gare shi. Ki ce a bar ƙofar dubawa, a kuma ɗora zaren a kan hanyar alminiyom don zafi ya samu mafita, in ba haka ba zai dushe da wuri. Sannan don Allah a daina huda silin da ƙananan fitilu talatin kamar filin jirgi. Haske daga sama kaɗai yana sa inuwa a ƙarƙashin ido. Fitila ɗaya a tsaye a lungu, ɗaya a kan tebur, sun fi su sanya ɗaki ya yi daɗin zama. Ki tanadi soket a wuraren tun yanzu.

Ɗan Auta:
Na ga ba wanda ya yi maganar fitilu masu canza launi da waya, ja, shuɗi, shunayya.

Hajiya Babba:
Auta, falo muke magana ba wurin rawa ba.

Anti Mai Labule:
Hajiya kin gama da shi. Maman Biyu, maganar kujera mai lanƙwasa da kika yi. Ita ma ba sabuwa ba ce, Vladimir Kagan yana yin irinta a Amurka tun wajen 1950. An yi ta ne don tsakiyar babban ɗaki, a zagaya ta ta ko'ina. Ki jingina ta da miƙaƙƙen bango, sai ta bar rami a kowane gefe, wurin ya tafi a banza, kuma mutum ba ya iya miƙewa a kanta ya yi barcin rana. Shi kuma farin yadin nan mai curi-curi da ake lulluɓa ta da shi, bukile, shi ne babban abokin gabarki. Duk ɓurɓushin da ya faɗa sai ya shige cikin zaren, farce ko zif ya kama shi ya zaro, wurin zama kuma ya kwanta ya yi baƙi. Da mai rarrafe a gida, ki nemi yadi mai matsattsiyar saƙa, wanda rigar take cirewa a wanke. Launin da ya ɗan yi duhu ko mai zane yana rufa asiri.

Labule kuma a kafa sandar kusa da silin, ta wuce faɗin taga ta kowane gefe, ya sauka har dab da ƙasa. Ɗakin zai ƙara tsayi a ido. Kuma da waɗannan manyan tayil da bango fayau da ake yi, labule mai nauyi da kafet su ne ke hana murya yin amsa-kuwwa.

Akitek:
Tunda an ambaci tayil: manyan nan masu sheƙi kamar madubi sun fi kowanne kyau a hoto, sun kuma fi kowanne santsi idan ruwa ya zuba. Akwai ma'aunin santsi daga R9 zuwa R13, yawan lambar yawan riƙon ƙafa. Kicin da banɗaki kada a sauka ƙasa da R10. Babban tayil yana rage layukan da datti ke maƙalewa, wannan riba ce, amma yana son ƙasa a daidaice sosai, in ba haka ba gefe zai ɗago ya riƙa cin yatsa. Baƙin famfo marar sheƙi kuma, idan ruwanku mai barin farin tabo ne, kullum cikin gogewa za ki kasance.

Maman Biyu:
Shuke-shuken cikin ɗaki fa? An ce suna tace iska.

Dakta:
Maganar ta samo asali ne daga wani gwajin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na 1989, amma a cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka yi shi. A 2019 masu bincike a jami'ar Drexel suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwajen, suka ce kafin shuka ta yi abin da iskar da ke shiga gini take yi, sai an jera tsakanin 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita. Ki buɗe taga. Ki ajiye shuka don tana faranta rai, wannan ma dalili ne. Sai dai wasu da aka fi sayarwa, irin su difenbakiya da fotos, ganyensu yana ƙona baki ya kumbura shi idan yaro ya tauna. A rataye su sama.

Maman Biyu:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya: tayil marar sheƙi mai launin yashi, kicin da ƙofar gilashi da bututu zuwa waje, giranit, fitila 3000K. Falon ruwan madara, amma ɗakin karatu zan yi masa koren nan mai duhu har silin da ƙofa, Anti ta zuga ni. Katakan bango na fasa. Kujera mai lanƙwasa kuwa ku yi haƙuri, sai na sayi ƙarama guda ɗaya ta zaman mutum ɗaya, ko da bukile ce. Raina yana so.

Mai Fenti:
Koren zai yi kyau idan ɗakin yana da taga babba. Ki sani dai silin mai duhu yana sa ɗaki ya yi kamar ya sauko, kuma ranar da kika gaji da shi sai an yi shafi biyu ko uku kafin fari ya rufe shi. Falo da baranda kuma a sa mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, saboda masu zane da biro.

Anti Mai Labule:
Ɗaya tak ba laifi, ki kai ta ɗakinki inda hannun miya ba ya kaiwa.

Malam Kafinta:
Saura abu biyu Hajiya. Kabad marar mariƙi da ake dannawa ya buɗe, mai rarrafenki zai gano sirrinsa kafin ke, kuma gwiwarki ma za ta riƙa buɗe shi kina tsaye kina aiki. Na ƙasa a sa musu mariƙi da makulli, na sama a yi yayin. Na biyu, duk durowa ko kabad mai tsayi a ɗaure shi da bango. Yaro yana jawo durowa ya taka kamar tsani, kayan ya rufto masa. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan mutuwar yara ta wannan hanyar. Ƙarfe ne ɗan ƙarami da ƙusa biyu, ki sa a yi tun ranar da aka shigo da kayan. Talabijin ma haka, kuma a kafa ta daidai idon wanda yake zaune, ba can sama ba.

Mai Wayarin:
Kafin a shafe bangon talabijin ɗin a binne bututu mai faɗi daga bayanta zuwa ƙasa, wanda kan waya zai iya wucewa ta ciki. Ki turo min hoton zanen falon in nuna miki inda soket za su zauna.